Labulen Faransa na Ɗakin Inna

Ranar sunan ɗiyar Bashir ina zaune a ƙofar ɗaki ina kasa goro, sai na ji ke Hadiza kina ba wata ƙawarki labari cewa Kawu Garba ne ya kori Inna daga gidan Argungu saboda wani tsohon labule, ni kuma na ɗauko ta na riƙe. Ban tanka ba don gida cike yake da mutane, amma maganar ta tsaya mini a rai. Na gane haka kuka ji, haka kuma za ku ba 'ya'yanku, alhali ba haka aka yi ba. Kawunku ya riga mu gidan gaskiya, matarsa Tumba ta bi shi, babanku ma Allah ya yi masa rasuwa. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda aka yi abin a gabansu. Don haka zan faɗa muku yadda ya faru, ku bari sai kun ji duka kafin ku ɗora wa wani laifi.

Inna, mahaifiyata ni da Yaya Garba, ba 'yar Argungu ba ce. A Gaya aka haife ta, can ƙetaren iyaka, zamanin da Faransawa ke riƙe da ƙasar. Tana budurwa ta yi aikin wanki da guga a gidan wani likita Bafaranshe. Matar likitan, wadda Inna ba ta taɓa kira da wani suna ba sai Madam, ta haifi ɗa namiji a garin, zazzaɓi ya ɗauke shi tun bai fara zama ba. Matar ta kulle kanta a ɗaki ta daina cin abinci, mijin kuma kullum yana asibiti. Inna ce ta riƙa shiga tana zama a ƙasa kusa da gadon. Ita ba ta jin Faransanci in ban da gaisuwa, matar kuma ba ta jin Zabarmanci balle Hausa. Abin da ya haɗa su shi ne labulen da ya kewaye gadon. Madam takan ɗora yatsa a kan wani abu a jikinsa ta faɗi sunansa da harshenta, Inna ta faɗa da nata, har a hankali matar ta fara karɓar kunu daga hannunta. Da za su koma ƙasarsu ta kwance labulen da kanta ta ba Inna, ta sa kukun gidan ya fassara mata cewa na gadon kakarta ne, kuma ba ta son ta sake kwana a cikinsa. Bayan haka ne Baba, wanda ke kai bandar kifi Gaya daga Argungu, ya ga Inna ya aure ta, labulen ya biyo ta cikin kayan ɗaki.

Kun san shi, amma kun san shi ya tsufa. Lokacin da na buɗe ido na gan shi, farinsa bai dafe haka ba, zanen kuma ja ne mai duhu irin na lallen da ya kama. Launi ɗaya ne tak, amma an ja layukan sirara ƙwarai, sai ka ce da bakin alƙalami aka bi su, har kana ganin ƙwayar idon tunkiya. Zanen ba a haɗe yake ba, tsibiri-tsibiri ne a kan farin yadi. Nan ga mutum zaune bakin ruwa da sandar ƙugiya, can ga mace ɗauke da tulu tana hawa gada, ga makiyayi yana busa sarewa tumaki kwance a gabansa, ga yarinya a kan lilo an ɗaura shi a reshen itace, ga wani gida mai ƙaton wili na katako cikin ruwa wanda muka daɗe muna gardamar amfaninsa. In ka ɗaga kai sama kaɗan sai ka sake ganin mai ƙugiyar nan, da macen, da makiyayin, haka har ƙarshen yadin. Ke Hadiza ce kika binciko mini a waya daga baya cewa irin wannan yadi a Faransa aka fara buga shi tun fiye da ƙarni biyu, ana sassaƙa zanen a jikin faifan jan ƙarfe, a shafa rini, a danne shi a kan yadin auduga, kuma don gado da kujeru da bangon ɗaki ake yin sa, ba don ɗaurawa ba. Ko namu na farkon ne ko na baya, ban sani ba. Mu dai a gidanmu labulen Inna ne sunansa.

Baba masunci ne ɗan masunta, da homar kamun kifi da gora ya tashi. Duk sanda ya shigo ɗakin ya dubi mai ƙugiyar nan sai ya girgiza kai ya ce wannan bawan Allah iyalinsa da yunwa za su kwana, tunda kifi ɗaya-ɗaya yake jira. Inna takan ce a ƙyale mata mutuminta, mai haƙuri ne. Da aka taɓa yi wa Baba magana kan hotunan masu rai a ɗakin da ake salla, bai yi gardama ba, bai kuma cire ba. Ya mayar da labulen bangon yamma, don duk mai salla ya ba shi baya. A gaban bangon nan na koyi riƙe allura, don ni Inna ta fara ba ƙaramar ɓarakar da ɓera ya yi masa na ɗinke. Daga nan son yadi ya shige ni, har ya zama sana'ar da na ci da ita na sha, ina ɗinkin labule da rigunan kujera a Birnin Kebbi bayan na auri babanku muka zauna a unguwar Gesse.

Yaya Garba ya girme ni nesa. Ya yi karatu mai zurfi a Sakkwato ya dawo gida, yana noman shinkafa a fadama, da yamma yana karantar da magidanta a zaure. Mutum ne mai sanyin magana, ban taɓa jin ya ɗaga wa Inna murya ba. Da Baba ya rasu shi ya riƙe gidan, Tumba kuma ta riƙe Inna riƙon uwa, ita ke yi mata wanka in ƙafa ta motsa, ita ke dama mata fura. Labulen bai taɓa kwanta masa a rai ba. Sau ɗaya ya yi wa Inna maganarsa cikin ladabi, ta ce masa ranar da ta mutu ya yi yadda ya ga dama da shi. Bai sake tayar da zancen ba, shekara da shekaru.

Shekarar da nake so in ba ku labarinta ta fara ne da ƙananan abubuwa, wajen lokacin cirar albasa. Inna ta fara aje abu ta manta inda ta sa. Sai ta fara kiran Tumba da sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa. Sai Hausa ta fara kufce mata tana komawa Zabarmancin ƙuruciya, wanda ba mai ji a gidan. Jikokinta in sun shigo takan tambaye su 'ya'yan wane ne. Abu ɗaya ne bai rikice mata ba, mutanen jikin labule. Da safe takan gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi mai tulun ko ta gaji, ta yi wa yarinyar lilo faɗa kada ta faɗo. Yini guda takan yi tana fuskantarsu tana hira, fuskarta a sake. In an ja ta waje shan iska sai ta ƙagu ta koma, ta ce ta bar baƙi su kaɗai.

Yaya ya jure wannan duka, yana cewa tsufa ne. Amma wata la'asar ya shiga gaishe ta ya iske ta tana salla ta ba gabas baya, goshinta a ƙasa daidai ƙarƙashin labulen. Ya jira ta sallame, ya juya mata tabarma, ya nuna mata alƙibla. Washegari ya sake iske ta haka. Tumba ta faɗa mini daga baya cewa kwanakin nan ya daina cin abincin kirki, yana zama a zaure ya yi tagumi. Ku sa kanku a matsayinsa. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa mutane kaɗaita Allah, ga uwarsa a bakin kabari tana sujada ga zanen mutane. Tsoronsa kada ajali ya same ta tana kiran mai ƙugiya maimakon kalmar shahada. Wata safiya Tumba ta kai ta wanka, ya shiga ya sauke labulen. Wasu daga cikin ɗalibansa sun ce ya ƙona shi, ya ƙi. Ya ninke shi da kyau ya sa a cikin adakar Inna.

Da ta dawo ɗaki ta ga bango fayau, sai ta tsaya a tsakiya ta dubi Tumba.

"Ina mutanen ga sunka tahi? Ko sallama ba su yi min ba?"

Daga ranar ta rufe baki. Ko fura aka kawo sai ta kau da kai. Takan zauna ta zuba wa bangon ido, wani lokaci ta yi kuka ba sauti. Ana cikin haka wata safiya Tumba ta shiga da ruwan alwala ta iske ɗaki ba kowa. Masunta ne suka tsinto ta a bakin gulbi, ruwa ya kai mata gwiwa, tana neman gadar da za ta haye ta cim musu. Ranar Tumba ta aiko mini da direban motar Argungu cewa in zo ko me nake yi.

Na iske Inna ta zama rabin yadda na bar ta. Na zauna da Yaya a zaure, na roƙe shi ya mayar da labulen. Ya ce ba zai iya ba. Da yake ni tela ce, sai na kawo shawara: in an rufe fuskokin fa? Ya ce malamai sun yi sauƙi ga surar da ba ta da kai, in gwada. Na yanyanka farin ƙyalle ƙanana na zauna ina kafa su da zare sama-sama a kan kowace fuska, ta mutum da ta dabba, har idona ya yi ja, don fuskokin suna da yawa. Muka rataya, muka shigo da ita. Da farko ta yi murmushi, ta nufi bangon da sauri. Da ta matsa kusa sai ta tsaya cak. Ta ce wa ya ɗaure musu ido, me suka yi. Ta sa farce tana ɓamɓare ƙyallayen tana kuka, har ta yage wajen makiyayin. Wannan ɗinkin da kuke gani a kafaɗarsa na ranar ne. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce ya isa haka, a sauke.

Na koma gida na kwana biyu ina shawara da babanku. Ya je ya tambayi limamin unguwarmu, ya dawo ya ce mini malam ya ce wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, kuma ceton rai yana gaba. Babanku ya ce ɗaki yana nan, uwata uwarsa ce, amma in sani cire tsohuwa daga gidan ɗanta namiji ba ƙaramin abu ba ne, mutane za su yi magana, kuma maganar a kan Yaya za ta faɗa. Na ce na sani. Na koma Argungu na faɗa wa Yaya abin da limamin ya ce. Ya saurare ni har na gama.

"Kulu, na san wanga hukunci tun ba a haihe ki ba. An ɗauke mata alƙalami, mu ba a ɗauke muna ba. Hannuna za shi rataya shi, ni za a tambaya."

"To Yaya, in ta mutu da yunwa fa, wa za a tambaya?"

Ya dubi ƙasa, sannan ya ce a ƙarƙashin rufinsa ba zai sake rataya shi ba, amma ba zai hana ni abin da nake ganin shi ne jinƙai ba. Na ce to zan tafi da ita. Na ga maganar ta buge shi, don bai zaci zan kai can ba. Ya tuna mini da abin da dukanmu muka sani, cewa Inna tun tana da hankalinta ta sha faɗa a binne ta kusa da Baba. Na ce masa Birnin Kebbi ba nisa, in Allah ya yi ikonsa zan maido ta da kaina. Da bakina na yi wannan alkawari.

Ranar tafiya Tumba ta shige ɗaki tana kuka, ta kasa fitowa. Yaya da kansa ya ɗauki Inna kamar jaririya ya sa ta a mota, ya gyara mata mayafi. Ya koma ciki ya fito da labulen a ninke, ya ɗora mini a hannu. Maƙwabta sun fito suna kallo. Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Ban kore ta ba, Kulu. Ki zama shaidata."

Na ce na shaida. Abin da nake yi ke nan yanzu.

A Gesse na ba ta ɗakin da ke kusa da nawa, na cire sauran ƙyallayen, na rataya labulen a bangon yamma kamar yadda Baba ya yi. Da ta shiga ta gan su sai ta tafa hannu a hankali, ta ce ashe nan suka yo. Yinin nan ta sha fura, ta nemi ƙari. Ba zan ce ta warke ba, don hankalin bai dawo ba, ni kaina wani lokaci Madam take kirana. Amma ta yi kumari, ta koma dariya. Kai Bashir kana iya tuna yadda take zaunar da ku tana nuna muku tumaki da Zabarmanci kuna maimaitawa. Salla kuwa ban taɓa barinta ta yi ita kaɗai ba. In lokaci ya yi nakan bar keken ɗinki in shiga, in tsaya kusa da ita kafaɗa da kafaɗa muna duban gabas, in ta fara juyawa in riƙe hannunta. Aikina ya ja baya a shekarar, masu kawo ɗinki da yawa sun koma wani wuri, ban damu ba.

Yaya bai yanke mu ba. Duk wanda zai zo daga Argungu sai ya ba shi shinkafa da bandar kifi ya kawo. Sau ɗaya ya zo da kansa. Bai shiga ɗakin ba, aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida na fito da ita. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, sannan ta juyo ta tambaye ni wane malami ne wannan, daga ina ya zo. Ya ce mata shi ne Garba. Ta ce Allah sarki, ita ma tana da ɗa mai wannan suna, sai ta miƙe ta ce za ta koma wajen mutanenta. Ya bi ta da kallo har ta shige. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba, ya yi sallama ya tafi.

Daminar shekarar ta zo da ruwa mai yawa. Gulbi ya cika ya tumbatsa, ya cinye shinkafar fadama, ya yanke hanyar mota tsakaninmu da Argungu. A cikin kwanakin ne Inna ta kwanta da zazzaɓi. Ba ta daɗe ba. Wata safiya da hantsi, kanta a kan cinyata, babanku yana zaune yana laƙana mata kalmar shahada, numfashinta ya yi ta raguwa har ya tsaya. Babanku ya samu Yaya a waya. Aka yi ta neman yadda za a kai ta, direbobi suka ce mota ba ta wucewa, ɗaukar gawa a jirgin ruwa cikin wannan ambaliya kuwa dattawan unguwa suka ce ganganci ne, kuma ba a ajiye mamaci ana jiran ruwa ya janye. Yaya da bakinsa ya ce a yi mata sutura a nan. Duk da haka ya taso. Ya shiga jirgin masunta, ya yi tafiyar ƙasa cikin taɓo, ya samu babur daga Ambursa. Ya iso rigarsa jiƙe har ƙirji, ya tarar mutane suna dawowa daga maƙabarta. Bai ga fuskarta ba, bai yi mata salla ba, ba ta kwanta kusa da Baba ba. A ƙofar masallacin unguwa ya zauna ya karɓi gaisuwa. Na aika masa da abinci ya dawo yadda na aika. Bai shigo gidan nan ba har ya koma.

Wannan shi ne abin da shawarata ta ci. Na sha juya ta a raina, har yau kuma in aka mayar da ni zauren nan zan sake ɗauko ta, amma ban taɓa cewa a banza na samu ba. Mutane kuwa suka rabu biyu. Wasu suka ce malami guda ya kori uwarsa, wasu suka ce ni na kai ta ta mutu cikin gumaka. Tumba ta fi kowa shan zafi, don har cewa aka yi gajiya ta yi da jinya, matar da ta yi shekaru tana wanke Inna da hannunta. Ni da Yaya ba mu yi gaba ba. In an haɗu wajen biki ko rasuwa nakan durƙusa in gaishe shi, ya amsa, ya tambayi yara, shi ke nan. Zancen Inna bai taɓa shiga tsakaninmu ba. Haka muka yi shekaru, har kuka girma kuna ganin Argungu kamar garin wasu.

Da ciwon ƙoda ya kama shi aka ce sai ya riƙa zuwa asibiti a Birnin Kebbi a kai a kai, jikinsa kuma ba ya ɗaukar jelen mota. Ya ce zai sauka gidan wani ɗalibinsa. Babanku ya shirya ya tafi Argungu ya ce masa wannan abin kunya ba za a yi shi yana raye ba. Ɗakin da ya dace da mara lafiya a gidan nan shi ne na Inna, labulen kuma yana rataye tun rasuwarta. Kafin su iso shi da Tumba na sauke labulen na ninke na sa a akwati. Ba wanda ya ce in yi. Da aka shigo da shi ya zauna a bakin gado, ya ɗaga kai ya dubi ƙusoshin da ke jere a bango. Kwanakin farko abin da Tumba ta dafa a ɗan murhunta kawai yake taɓawa, shi ma kaɗan.

Wata rana bayan la'asar Tumba ta fita sayo magani, na ji ya kira sunana. Na shiga na zauna a ƙasa. Ya rame ƙwarai, gemunsa ya yi fari fat. Ya ce a nan Inna ta cika? Na nuna masa wurin. Sannan ya yi tambayar da na san ya shekara da shekaru yana ɗauke da ita.

"Ta yi shahada?"

Da na so da na ce masa e, ba mai ƙaryata ni. Amma ban taɓa yi masa ƙarya ba. Na ce ana laƙana mata leɓɓanta suna motsi, na kasa kunne ban ji sauti ba, ban san abin da ta faɗa ba. Ya ce idonta fa, ina yake duba. Na ce a rufe yake. Ya gyaɗa kai ya ce Allah shi ne masani, kuma rahamarsa ta fi tsoronmu faɗi. Ya ce har gobe bai ga ya yi kuskure ba. Na ce ni ma haka. Sai ya ɗan yi murmushi, ya ce taurin kan na Baba ne muka raba.

Na yunƙura zan tashi sai ya sake magana, muryarsa ƙasa-ƙasa, bai dube ni ba.

"Har ta tahi ba ta tuna da ni ba ko?"

Sai na faɗa masa abin da ban taɓa samun ƙofar faɗa ba. Watannin ƙarshe, duk abincin da na kawo wa Inna sai ta gutsuri rabi ta zuba a wani ƙaramin kwanon sha mai murfi, ta tura ƙarƙashin gado. In na ce ta cinye sai ta harare ni, ta ce na Garba ne, yana gulbi wajen babansa tun safe bai ci komai ba, kada wanda ya taɓa masa. Kullum sai na faki idonta in kwashe, gobe ta sake zubawa. Malamin da ya durƙusa a tsakar gida ne ba ta gane ba. Ɗanta kuwa ba ta yi yini ɗaya ba ta aje masa rabonsa ba.

Ya ja bakin mayafinsa ya rufe fuska. Na zauna ina jin yara suna wasa a waje, har kafaɗunsa suka daina motsi. Da ya sauke mayafin sai ya tambaye ni ko kwanon yana nan. Na ce yana nan. Ya ce me na dafa yau. Na ce tuwon shinkafa da miyar kuka.

"Zubo min a ciki," in ji shi.

Na je na ɗauko kwanon na wanke, na zuba, na kawo masa da ruwan wanke hannu. Ya yi bisimilla, ya ci a hankali har ya cinye.